Sabuwar Manhajar Makarantun Nijeriya a Ma'aunin Ƙasar Noma: Dubawa Daga Funtuwa da Malumfashi

I. Abin da za a auna

Cikin shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta zartar da al'amura biyu manya game da ilmin yara. Na farko, a ƙarshen watan Agusta aka ba da sanarwar sabuwar manhaja wadda Hukumar Bincike da Raya Ilmi ta Ƙasa, watau NERDC, ta shirya, aka ce za a soma aiki da ita a shekarar karatu ta 2025/2026. Na biyu, cikin watan Nuwamba Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya bayyana cewa an soke ƙa'idar koyar da yara da harshen uwa, an mai da Ingilishi harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a.

Manhaja kuwa ba a gane ƙwarinta a ofishin da aka rubuta ta, sai a ajin da a ke karantar da ita. Saboda haka wannan takarda ta ɗauki wani yanki guda na ƙasa domin ya zama ma'auni, watau kudancin Jihar Katsina, tun daga Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ɗandume har Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara. Yanki ne na manoma, kusan kowane yaro a cikinsa da Hausa ya ke tashi, kuma an taɓa gwada wani irin gyara a kansa wanda ya bar darasi. In manhaja ta yi wa ɗan manomin Bakori amfani, to, lalle za ta yi wa yawancin 'ya'yan Arewa.

II. Yadda aka zo nan

Sake manhaja ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Makarantar da Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909 da Hausa ta ke koyarwa, haka kuma makarantun elementare na En'e suka bi, Ingilishi sai yaro ya yi nisa. Domin a sami littattafan karantawa aka kafa ofishin fassara, wanda ya zama ofishin talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, aka yi gasar rubuta labarai ta 1933, aka buga Magana Jari Ce, aka fito da Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939, daga baya hukumar NORLA ta ɗauki aikin cikin shekarun 1950. Manufar Turawa a wannan sha'ani tana da nata aibi, gama makarantun kaɗan ne ƙwarai, kuma 'ya'yan sarakuna aka fi nufi da su tun farko. Amma akwai abu guda da ba a iya ƙwace musu: ba su ce a koyar da Hausa ba sa'an nan su bar malami hannu wofi.

Bayan samun mulkin kai, cikin Satumba 1969 aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Ikko, daga shawarwarinsa aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa cikin 1977. Ita ce ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka soma aiki da shi a farkon shekarun 1980, ita ce kuma ta tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da a ke yi a wurin da ya ke, kafin a juya zuwa Ingilishi; bugunta na baya suka ƙayyade wannan da shekara uku na farkon firamare. Cikin 1976 aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta, cikin 1999 aka buɗe shirin ilmin bai ɗaya, aka yi masa doka a 2004. Cikin 2007 NERDC ta fito da manhajar shekara tara, aka sake gyara ta a 2012, aka soma aiki da gyaran a 2014. A Nuwamba 2022, zamanin Malam Adamu Adamu, Majalisar Zartarwa ta amince a koyar da harshen uwa shekara shida cur. Bayan shekara uku kacal aka rushe.

Mai karatu zai lura cewa tsakanin 2007 da 2025 an taɓa tushen manhajar firamare sau uku, an kuma juya maganar harshe sau biyu. Manomin da ya ke tone shukarsa kowane mako don ya ga ko ta yi saiwa, ba ya da ikon ya ce irin ne ba shi da kyau.

III. Rage kaya

Abin da aka fi yabon sabuwar manhaja da shi shi ne rage yawan darussa. An ce 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare za su ɗauki darasi 9 ko 10, 'yan ƙaramar sakandare 12 zuwa 14, 'yan babbar sakandare 8 ko 9. Niyyar mai kyau ce, duk wanda ya taɓa ganin jakar ɗan firamare ya san ta yi masa nauyi. Sai dai an taɓa yin irin wannan alkawari. Gyaran 2012 ma da sunan rage kaya ya zo, amma abin da aka yi shi ne, aka ɗauki kimiyya da fasaha da motsa jiki da ilmin kwamfuta aka sa musu suna ɗaya. Aka ɗauki addini da zaman jama'a da ilmin ɗan ƙasa da sha'anin tsaro aka sa musu suna ɗaya. Aka gama noma da tattalin gida wuri guda. Dami huɗu in an ɗaure su da igiya ɗaya ba su rage nauyi a kan jaki. Saboda haka lissafin sunayen darussa ba ya isa hujja. Abin tambaya shi ne sa'a nawa a mako aka ware wa koyon karatu da rubutu da lissafi.

A nan kuwa ko darasi tara sun yi wa ɗan shekara shida yawa. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ba abin da zai ɗauka daga sauran darussan sai hadda, gama dukansu ta ƙofar karatu a ke shiga. Da masu manhaja sun yi ƙarfin hali, da sun ce shekara biyu na farko aikinsu uku ne, karatu da rubutu da ƙirga, tare da tarbiyyar addini, sauran abubuwa kuwa su shigo cikin littattafan karatun.

IV. Maganar harshe

Wannan ita ce zuciyar al'amarin. Hujjar da Minista ya bayar ita ce, an ga yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka dogara ga harshen uwa, har yara na gama makaranta ba su iya Ingilishi ba. Ciwon da ya nuna gaskiya ne, ba mai gardama. Ɗan Malumfashi yana bukatar Ingilishi domin jarrabawa da jami'a da aikin gwamnati da ciniki da mutanen Kudu, kuma wanda duk ya hana shi wannan ya zalunce shi. Inda magana ta ke shi ne dalilin ciwon.

Da fari, ƙa'idar 2022 ba ta da hannu a sakamakon jarrabawar 2025, domin yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023 ba zai zauna jarrabawar gama sakandare ba sai 2035. In kuwa tsohuwar ƙa'idar 1977 a ke nufi, to, sai a tambaya ko an taɓa aikata ta yadda aka rubuta. Abin da malaman yankin suka sani shi ne, littafin lissafi da na kimiyya da Ingilishi su ke, malami ya karanta jimla, ya fassara ta da baki, yara su kwafe Ingilishin a allo ba tare da sun gane ba, ranar jarrabawa a yi musu tambaya da Ingilishi. Wannan bai zama koyarwa da Hausa ba, bai kuma zama koyarwa da Ingilishi ba. Ba a yi wa magani shari'a alhali majinyaci bai sha shi ba.

Na biyu, ilmin harshe yana da abin faɗi a nan. Rubutun boko na Hausa kusan kowane harafi sauti guda ya ke wakilta, gaɓar kalma kuwa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Yaron da ya san haruffa ya kuma iya haɗa su, zai karanta kowace kalma da ya gani, kuma da ya furta ta zai ji ma'anarta, tun da ya ke ya riga ya san ta. Gaskiya ne rubutun yana da gibi, ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo su ke kama ɗaya a takarda, haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Amma ɗan harshe jimla ce ta ke warware masa. Ingilishi kuwa haruffan wasali biyar ne su ke ɗauke da sautuka wajen ashirin, harafi ɗaya a furta shi iri-iri. Wani bincike da aka buga a 2003, wanda ya gwada yaran ƙasashen Turai, ya nuna cewa 'ya'yan masu Ingilishi kansu sun fi takwarorinsu masu harsuna masu daidaitaccen rubutu daɗewa ƙwarai kafin su kama tushen karatu. To, ina ga yaron Ƙafur, wanda harshensa bai bambanta "p" da "f" ba, wanda kuma in ya gamu da baƙaƙe biyu a jere sai ya cusa wasali a tsakani, kamar yadda kakanninsa suka yi har aka sami "burodi" da "asibiti"? An ɗora masa aiki biyu a lokaci ɗaya, koyon sirrin rubutu da koyon baƙon harshe. In ya koyi sirrin rubutu da harshen da ya sani, sau ɗaya a ke koyonsa, sai ya ɗauke shi ya shiga Ingilishi da shi.

Na uku, an yi gwaji, ba sau ɗaya ba. Tun 1953 hukumar UNESCO ta ba da shawarar a fara da harshen uwa. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara da Yarbanci shekara shida, Ingilishi yana matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, aka ga ba su kasa takwarorinsu a Ingilishi ba, sun kuma yi kyau a sauran fannoni. A Jamhuriyar Nijar an buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram cikin 1973. A Jihar Katsina kanta, daga 2015, shirin RANA wanda UNICEF ta tallafa ya shigar da littattafan koyon karatu da Hausa cikin azuzuwan farko na wasu makarantu, ya kuma horar da malamai a kan amfani da su. Irin wannan aka yi a Bauci da Sakkwato da littattafan Mu Karanta. Kalmomin fannu ma an yi aiki a kansu: akwai Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990, akwai kuma jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsuna tara na Nijeriya, har da Hausa. Abin da ya kamata hukuma ta yi kafin ta yanke hukunci shi ne ta baje sakamakon waɗannan gwaje-gwaje a fili, masana su duba.

Akwai uzuri guda mai ƙarfi wanda ba a raina shi: Nijeriya tana da harsuna fiye da 500, ba a iya buga littafi da kowanne. Funtuwa ma gari ne na hanya, tun da jirgin ƙasa ya ratsa ta zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920 baƙi su ke zaune cikinta, akwai Yarbawa da Ibo, a karkara kuma akwai Fulani. Amma wahalar da ke wani wuri ba ta zama dalilin hana sauƙi a inda sauƙi ya ke. 'Ya'yan baƙin Funtuwa da Hausa su ke wasa a layi, 'ya'yan Musulmi da na Kirista a ƙasar Malumfashi harshensu ɗaya. Ƙa'idar 1977 ta hango wannan, shi ya sa ta ambaci harshen wurin da yaro ya ke. Doka ɗaya ga Fatakwal da Ɗandume ita ce kuskuren, a 2022 da a 2025 duka.

V. Sana'a da gona

Manhajar 2025 ta rage darussan sana'a daga fiye da 30 zuwa shida: haɗa wutar hasken rana, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar hannu, sai noman lambu da amfanin gona. Wannan ragi ya yi daidai, biyu daga cikin shidan kuma sana'ar yankin ce ta gado. Amma tsofaffin malamai ba su manta da yadda aka yi da darasin share fagen fasaha na tsarin 6-3-3-4 ba, sa'ad da aka sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai, da yawansu suka ruɓe cikin akwatunansu saboda babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu.

Yankin nan yana da misalin da ya fi wannan. Daga 1975 zuwa 1980 aka gudanar da Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar, tare da na Gusau da na Gwambe. An soki shirin da cewa manyan manoma suka fi cin moriyarsa, sukar kuwa tana da tushe. Duk da haka shi ya taimaka ƙwarai wajen mai da masara, wadda dā a bayan gida a ke shuka ta, ta zama babban amfanin gona a ƙasar da aka sani da dawa da auduga. Dalili kuwa shi ne ba a aiko da takarda kaɗai ba: iri ya zo, taki ya zo, an yi hanyoyin karkara, an kafa cibiyoyin sayar da kayan noma, malamin gona kuma ya je har gona ya yi bayani da Hausa. Gyaran manhaja bai taɓa samun irin wannan rakiya ba.

Har wa yau, ɗan manomi ba ya bukatar a koya masa riƙon fartanya, ya fi malaminsa iyawa. Abin da makaranta za ta ƙara masa shi ne abin da babu a gida: ya iya auna faɗin gona, ya lissafa buhun taki nawa za ta ci, ya karanta umarnin da ke jikin kwalbar maganin feshi don kada ya ƙona shuka ko ya cuci kansa, ya san bambancin irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta ke fitarwa da wanda a ka ɗebo daga rumbu, ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu kafin ya kai kaya kasuwar Ɗandume. Duk wannan karatu ne da lissafi, ya sake komawa ga maganar harshe.

Lokacin karatu ma abin dubawa ne. Zangon ƙarshe na shekara yana faɗawa kan shuka da noman farko, zangon farko kuwa yana faɗawa kan girbin masara da yankan dawa da cirar auduga. Manhajar da aka tsara mako-mako, kowane darasi yana hawa kan na bayansa, ba ta yi tanadin yaron da zai ɓace mako uku ya dawo ba. Ga kuma rashin tsaro: tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, an ga yadda rufe makaranta ya ke cinye makonnin da takarda ta ɗauka suna nan. Manhaja mai hankali za ta ware abin da ba makawa sai yaro ya sani daga abin da a ke iya bari in lokaci ya ƙure.

VI. Tarihi

Wajibi ne a yaba wa sabuwar manhaja da ta tabbatar da Tarihin Nijeriya daga aji ɗaya na firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare, bayan manhajar 2007 ta fitar da shi daga jerin darussa masu zaman kansu. Sai dai tarihi ga ƙaramin yaro daga ƙofar gida ya ke farawa. Ɗan Funtuwa ya kamata ya san dalilin da ya sa a ke kiran hakiminsa Sarkin Maska, da sunan da Maska ta yi a saƙa da rini. Ɗan Malumfashi ya san matsayin Galadima a sarautar Katsina. Dukansu su san abin da ya kawo injin gurzar auduga da gonar iri ta Daudawa. Kyakkyawar manhajar ƙasa takan bar fili domin irin wannan. Tsofaffin da su ke riƙe da labarin kuwa ba da Ingilishi za su ba da shi ba.

VII. Abin da ya rage ga masu horar da malamai

Hukuncin wannan dubawa shi ne, manhajar 2025 ta gane wasu cututtuka na gaskiya, watau yawan kaya da tarkacen sana'o'i da rashin tarihi, amma hukuncin Nuwamba game da harshe ya raunana ta a inda ta fi bukatar ƙarfi, domin ya ɗauke wa ɗan ƙauye tsanin da zai taka ya kai ga sauran. Abin da ya fi dacewa da yanki irin wannan shi ne a kafa karatu da rubutu da lissafi da Hausa a shekarun farko, a fara Ingilishi da baki tun aji ɗaya a hannun malamin da ya iya shi, a riƙa ƙara masa rabo kowace shekara har ya karɓi ragamar koyarwa, a kuma ba jihohi ikon zaɓen abin da ya dace da su.

Kafin hukuma ta sake waiwayar maganar, akwai aikin da ba ya jiran izinin Abuja. Tun da aka daina horon malamai masu daraja ta biyu aka mai da takardar NCE mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa, nauyin ya koma kan kwalejojin ilmi, irin ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma da ta Tarayya da ke Katsina. Hausa tana nan cikin jerin darussa, saboda haka sa'o'inta suna hannun malami. In kwaleji ta tabbata cewa duk ɗalibin da zai koyar a firamare ya iya ƙa'idojin rubutun Hausa, ya san yadda a ke koya wa yaro haɗa sauti da harafi, ya kuma san wuraren da harshen Bahaushe ya ke tuntuɓe a Ingilishi da dalilinsu, to, an rage ɓarna mai yawa. Sassan Hausa na jami'o'i kuma aikinsu ne su rubuta ƙananan littattafan karatu a kan gona da kasuwa da tarihin gari, su kuma shiga azuzuwan Bakori da Ƙafur su auna abin da yara su ke iya karantawa a ƙarshen kowace shekara, su buga sakamakon. Ranar da za a sake zama a kan manhaja, kuma tarihi ya nuna za a sake, wanda ya zo da ƙididdiga daga aji shi za a saurara.